Agogo a Cikin Majanyi

Tun ina da cikin fari nake ɗauke da wata fargaba da ban iya faɗa wa kowa ba. Tsofaffin garinmu suna cewa hali a nono ake shan shi. In yaro ya tashi da rowa a ce a nono ya sha, in ya tashi da faɗa ma haka. Ni kuwa na san abin da ke hannuna. Sai in zauna ina tsintar wake, abin da ke cikina yana motsi, ina cewa a zuci, ya Allah, in na haifi wannan da me zan shayar da shi?

Ba zan faɗi sunana ba saboda mutanen da ke haɗe da ni. Na Kusada sun san ni ko ban faɗa ba. Karatuna kaɗan ne, allo ne sai ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga gargada a rubutun nan ya yi haƙuri. Da ku nake, yara masu tasowa, mata da maza. Ni ɓarauniya ce da alƙali ya ɗaure, na yi zaman gidan yari na fito, kuma ina so ku ji yadda aka yi daga bakina.

A Tafashiya aka haife ni. Babana manomi ne, dawarmu ba ta ƙarewa kafin sabuwa ta shigo. Ban san yunwa ba, ban san tsumma ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce talauci ne ya ja ni.

Shekarar da aka samu mulkin kai, ina 'yar tara ko goma, gwaggona ta ajiye allurar ɗinki a bakin tabarma ta tashi duba tukunya. Ina kallon allurar nan sai ƙirjina ya ɗauki zafi, tafin hannuna ya kama ƙaiƙayi, kunnuwana suka toshe. Ban iya ɗinki ba, ba ni da abin da zan yi da allura. Amma sai da na dunƙule ta numfashina ya sauka, na ji sanyi kamar na sha ruwan randa da tsakar rana. Kafin gwaggo ta dawo sanyin ya wuce, kunya ta zo ta zauna.

Gidanmu babba ne, kuma Kaka, mahaifiyar babana, ita ke riƙe da shi. Tana da wata al'ada da ta ce ta gada wurin tata kakar. In ƙaramin abu ya ɓata ba ta yarda a nuna kowa da yatsa. Sai ta kai ƙwarya bayan danga ta ajiye, ta ce kowa ya je murhu ya damƙo toka, ya zagaya shi kaɗai ya zuba a ƙwaryar. Babba da yaro, har ita kanta. In an gama ta ɗauko rariya ta tankaɗe a gaban kowa. Ran nan na cusa allurar cikin tokata, ta soke ni a tafi, ban ko motsa fuska ba.

Kaka ta tankaɗe, ta ɗaga allura sama ta ce, "To ga ta. Toka ta ɗauka, toka ta maido. Kowa shi kama gabanshi."

Haka na girma. Maɓalli, warin ɗan kunne, tsinken kitso, marfin kwalba. Ba na ɗaukar abin da ya fi ƙarfin dunƙulen hannu, kuma duk abin da na ɗauka toka na maida shi. Sai na yi wa kaina fatawa, na ce abin da aka maido ai ba sata ba ne. Wannan fatawar ta fi satar kanta cutar da ni, don ita ta hana ni buɗe baki.

Ana cikin yaƙin basasa aka kai ni Kusada. Mijina mai gyaran keke ne, mutum mai sanyin hali, ina son shi yana sona. A gidansu muka zauna tare da mahaifiyarshi, wadda muke kira Inna. Mace ce mai tsafta, ba ta da mugunta, amma ba ta da wasa. Ban daɗe a gidan ba na ɗauke mata tandun kwalli. Tana ta ɗaga tabarmi tana nema, na matso na ce, "Inna, mu a gidanmu toka ake zubawa," na yi mata bayanin yadda ake yi.

Ta dube ni ta ce, "Toka? Mu nan ɓarawo kama shi ake, ba a yi mashi shimfiɗa."

Daga ranar hanyar maidowa ta toshe mani. Na samu wani tsohon tulu mai tsaga a bayan ɗakina na jefa tandun ciki. Shekarun nan kuwa kaya suka fara cika gari, an ce ƙasa ta samu arzikin mai. Kowane gidan suna ka shiga ga cokula masu walƙiya, ga 'yan kunne na kanti, ga ƙananan madubai. Ni da nake zuwa taya mata murna, sai in dawo da abu a ƙullin zanena. Ban taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ban taɓa cin abinci da cokalin da na ɗauko ba. Ina jefa shi a tulu ba na son in ƙara ganin shi. Na yi azumi, na sha rubutu da na ce wa malam na faɗuwar gaba ne, na riƙa naɗe hannuna cikin gyale in za ni taro. Abin ya yi sauƙi kwana biyu ya dawo.

Allah ya sauke ni lafiya, na samu ɗiya mace. Ɗiyar fari ce, ba na faɗin sunanta, kuma a gaban surukai ba na ko yi mata wasa. Amma in muna ɗaki mu biyu hannuwanta nake kallo. Jariri duk abin da ya gani damƙa yake yi, kowa ya san haka. Ni in ta damƙi sarƙar tsakiyar da ke wuyana sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, ta sha.

Shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, yarinyar ta kusa yaye, ƙyanda ta shigo gari. Muka hau mota da matan unguwa zuwa Kankia don a yi wa yara allurar rigakafi. Nas ɗin da ke aikin tana da wani ɗan agogo da take maƙalawa a ƙirjin rigarta. Da layi ya zo kaina an gama wa ɗiyata, na goya ta, sai nas ta cire agogon ta ajiye a kan tebur ta juya wanke hannu. Zafin nan ya taso. Na ce a'uzubillahi, na ɗauke kai, na ƙara kallo. Ban san sa'ad da hannuna ya tafi ba. Na cusa agogon cikin majanyi, ƙarƙashin cinyar yarinya.

Ban kai ƙofa ba nas ta ce, "Agogona! Kada kowa ya fita."

Mai gadi ya ja ƙofa. Mata suka fara gunaguni, yara na kuka. Wallahi a lokacin ba abin da nake so a duniya kamar agogon nan ya koma kan teburinshi. Sai bakina ya riga hankalina, na ce, "Malama, a kawo toka mana. Kowa ya damƙa ya zagaya baya ya zuba, agogo zai fito."

Wata mata daga baya ta ce, "Toka a asibiti? Sabulu za mu dafa?" Aka yi 'yar dariya. Nas ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ke wa ya ce maki zai fito?"

Da ni aka fara bincike. Aka ce in kwance goyo. Agogon ya faɗo ƙasa, kuma tsinken da ake maƙala shi ya karce cinyar ɗiyata, ga ɗigon jini. Har yau in an ce mani gidan yari ba katanga nake tunawa ba, wannan karcen nake gani. Ni da nake tsoron kada ta sha a nono, ni na ɗora mata kayan sata a jiki tun ba ta iya magana ba.

Da 'yan sanda suka je gida, Inna ce da kanta ta ce a duba bayan ɗakina, don ta sha ganin ina zagayawa can ba dalili. Aka juye tulun a tsakar gida a gaban maƙwabta. Aka ce wannan na cewa ga warin ɗan kunnena, waccan na cewa ga cokalina. Inna ta ga tandunta ta shige ɗaki.

Alƙali ya tambaye ni dalili. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban sani ba." Ya ce wannan ba amsa ba ce. Ni kuwa iyakar gaskiyata ke nan. Ya yanke mani 'yan watanni. A ƙofar kotu Inna ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni ita. Nonon da ta sha ya isa." Ɗiyar fari ce, uwar mijina ce ke karɓa, ba dama in yi kuka a kanta a gaban mutane. Na kwance majanyi na miƙa.

Aka kai ni gidan yari a Katsina. Kwanakin farko ƙirjina ya kumbura, nono na zuba yana jiƙa riga, ba mai sha. A ɗakin mata akwai wata dattijuwa da ake kira Gwaggo Asabe, tsohuwar mai ɗauke atamfa a kasuwanni, wannan ba shi ne zuwanta na fari ba. Ita ta nuna mani yadda zan ɗaure ƙirji da zane har ya ƙafe.

Za ku ce wadda ta ga wannan ai ta daina. Ban daina ba. Wata rana gandiroba mace da ke kula da mu ta ajiye marfin alƙalaminta a bakin taga, na ɗauke. Gwaggo Asabe na kallona. Da aka watse ta kama hannuna ta buɗe, ta ga marfi, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, kin ɓata mamu sana'a. Ni in na ɗauki turmin atamfa na san dalilina, ciki ne da kwaɗayi. Ke wanga marfi miya za ki kaɗa da shi?"

Na fashe da kuka. Na ba ta labari tun daga allura. Ita ce mutum ta farko da na taɓa faɗa wa. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Taki ba irin tamu ba ce. Ko iska ce ko ciwo, amma ba sana'a ba ce." Ta kai marfin da kanta ta yi wa gandiroba bayani. Matar nan, Allah ya saka mata, ba ta hore ni ba. Ta sa aka haɗa ni da wani likita da ke zuwa duba masu larurar ƙwaƙwalwa.

Ina shiga na ce mashi, "Likita, ni ba mahaukaciya ba ce."

Ya ce, "Ban ce ba. Zauna."

Ya tambaye ni ko ina sayar da abin da na ɗauka. Ko ina bukatarshi. Ko ina shirya ɗaukar tun daga gida. Me nake ji kafin in ɗauka, me nake ji bayan na ɗauka. Ya ce, "Zafi ne ke tasowa, in kin ɗauka ya sauka, sannan ki tsani kanki?" Na bi shi da kallo, kamar ya leƙa cikin ƙirjina. Ya ce ciwo ne sananne, yana da suna da Turanci, ya faɗa ban riƙe ba. Ya ce ana samun shi gidan mai kuɗi da gidan talaka, kuma ba hauka ba ne.

Sai na yi tambayar da na yi shekaru ina haɗiyewa. Na ce, "Ana shan shi a nono?"

Ya ce, "Nono abinci ne. Ba ya ɗaukar wannan." Na sunkuyar da kai hawaye na zuba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Amma ki ji da kyau. Ciwon naki ne, kayan kuwa na mutane ne, haƙƙinsu na kanki. Kuma ciwon nan da ɓoyo yake ƙiba." Ya ce duk sa'ad da zafin ya taso in faɗa da baki a gaban wanda ke kusa, ko in tashi in bar wurin, zai sauka da kanshi ko ban ɗauka ba. Ya ce kada in je taro sai da wadda ta san halina. Ya ba ni ƙwayoyi na rage fargaba, ya ce in riƙa dawowa ana duba ni ko bayan na fita.

Da aka sake ni Tafashiya na nufa. Bayan 'yan kwanaki mijina ya zo da ƙunshi a bayan keke. Kayan tulu ne. Kotu ta ba shi, don ba wadda za ta je gaban alƙali karɓar maɓalli. Ya zauna a zaure yana kallon ƙasa ya ce, "Ni ban sake ki ba. Amma Inna ta ce yarinya ba ta komawa hannunki."

Da ya tafi Kaka ta kira ni. Ta tsufa ƙwarai lokacin. Ta ce, "Kawo tarkacen nan, ja'ira. In aika a zuba su cikin toka a bakin rijiyar unguwarsu, kowa ya tsinci nashi, ke ba ruwanki."

Na ce, "A'a, Kaka. Toka ta rufe ni ya isa."

Can ta ce, "Na san ke ce tun ranar allura. Ke kaɗai ke fitowa daga bayan danga kina ɓoye hannu. Na ce in kin girma zai bar ki."

Na ce, "Da kin kira ni kin tambaye ni, Kaka."

Ta kama hannun nawa ta riƙe. Ban ga laifinta ba. Rufin asiri ta yi nufi, kuma al'adarta ta hana faɗa da yawa a gidanmu. Ni ce dai ba rufi nake bukata ba.

Na tafi Kusada da rana tsaka, na juye kayan a faifai. Allah ya yi ni mai riƙe abu, na san mai kowane maɓalli. Na bi gida gida ina sallama, in ce ga abinki, ni na ɗauka ranar sunan wance, ki yafe mani. Wata ta karɓa ba ta amsa ba. Wata ta ce in fita kafin ta ƙirga kwanoninta. Wata tsohuwa ta juya cokalinta ta ce, "Kin san na zane jikata a kan wanga cokali?" Ban sani ba. Da ina cewa abin da nake ɗauka ba ya cutar da kowa. Na ce a kira mani yarinyar, na durƙusa na ba ta haƙuri a gaban kakarta.

Gidan mijina na bari ƙarshe. Faifan ba sauran komai sai tandun kwalli. Na yi sallama a ɗakin Inna na ajiye shi gabanta. Ɗiyata na nan, ta yi wayo, tana gudu ko'ina. Ta dube ni ta laɓe bayan Inna. Ba ta gane ni ba.

Inna ta ɗauki tandun ta juya shi, ta ajiye. Ta zare zoben azurfa daga yatsanta ta aza kan tabarma, ta ce bari ta yi alwala, ta ja yarinyar suka fita. Daga ni sai zobe. Ina so in ce maku ban ji komai ba, amma na ce gaskiya zan faɗa. Zafin ya taso kamar kullum, tafina ya kama ƙaiƙayi, a ranar da na zo neman ɗiyata. Na danne hannun da gwiwa, na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Inna! Dawo ki ɗauke zobenki, hannuna na son shi."

Ta dawo da buta a hannu ta tsaya bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Da gangan na bar shi. Na ce ko ki ɗauka, ko ki daure ki yi shiru in ce kin shiryu. Ban zaci kirana za ki yi ba."

Na ce, "Ban warke ba, Inna. Amma na daina ɓoyewa."

Ba ta ba ni yarinyar ran nan ba. Ta ce in koma ɗakina, yarinyar ta riƙa wuni wurina ta kwana wurinta. Haka muka yi har aka yanke gero. Wata safiya sai ga Inna da 'yar tabarmar yarinyar a hammata, ta jefa cikin ɗakina ta ce, "Ga ɗiyarki nan, ta cika mani kunne da surutu." Ta juya ba ta jira godiya ba.

Yau yarinyar tana firamare. Na haifi ƙanenta, na shayar da shi har yaye ba fargaba. Ciwon bai tafi duka ba, yana leƙowa jefi-jefi, kuma ina komawa ganin likita. Matan unguwa sun sani. In muna gidan suna na ji ya taso sai in ce, wance, kau da madubin nan daga gabana, ta kawar mu ci gaba da hira. Akwai masu tsokana, in na shigo su ce a ɓoye cokula ga ta nan. Ina dariya in ce ku ɓoye, kun taimake ni. Tun daga zoben Inna ban ƙara ɗaukar ko tsinke ba.

Wanda ke sata don kwaɗayi kada ya laɓe bayan labarina, shi ya san kanshi, ya ji tsoron Allah. Amma kai da ke jin zafin nan, kana ɗaukar abin da ba ka bukata kana tsanar kanka, kada ka ce ƙaramin abu ne, kada ka ce ai zan maido. Haka na ce har na wayi gari ina miƙa ɗiyata a ƙofar kotu. Nemi babba ɗaya da ka yarda da shi ka faɗa mashi yau, ku je asibiti tare. Kunyar faɗa ta wuni ɗaya ce.

Roƙona ɗaya ne gare ku. In kun san wani yaro ko yarinya mai ɗauke abin da ba shi da amfani gare shi, kada ku tara mashi jama'a, kada kuma ku rufe ku yi shiru. Ku kira shi gefe ku zaunar da shi, ku ce, me kake ji kafin ka ɗauka? Sannan ku tsaya ku ji amsar.